Ranar da Na Ƙi Zama Na Bakwai

Ko zan manta da duk ƙwallayen da na kama a rayuwata, ba zan manta da Asabar ɗin da na kashe ƙungiyarmu ina zaune a gindin dogon-yaro ba.

'Yar ƙaramar ƙungiya ce a Gwandu. Wani tela abokin mahaifina ne ya kafa ta tun ban yi wayo ba, Baba muke ce masa. Shi ne koci, shi ke ɗinka mana riguna, shi ke faci idan ƙwallo ta fashe. Da ƙyar da jiɓin goshi ya shigar da mu gasar ƙananan ƙungiyoyin yankinmu. Ni ne mai tsaron gida, kuma ina da hannu, sai dai girman kaina ya fi hannun.

A shekarar, wasanni suka faɗo tsakiyar damina. Mu kuwa duk manoma ne, wa zai ajiye fartanya ya bi ƙwallo? Sau biyu ba mu cika fili ba, aka aiko wa Baba cewa in muka sake, an soke mu. Wasa na uku a Kalgo ne. Ana cikin haka Baba ya naɗa wani ɗan garin Ceberu kyaftin, wanda bai fi shekara biyu da mu ba, ga ni na yi takwas. Wai ya fi ni sanyin hali. Haba! Abin ya tsaya mini a wuya.

Ranar wasa bayan azahar, sai ga Baba a kan babur.

"Ɗana, tashi mu tahi. Mutum shida muka samu, kuma ka san alƙali ba ya busa wasa sai da bakwai."

Na ce, "Baba, ai kuna da kyaftin. Ya tsare muku raga."

Ya ce, "Shekara ashirin nake renon abin ga. In laifi na yi maka, ka bari mu dawo."

Dattijo da furfurarsa yana roƙona, na kau da kai. Wallahi jira nake ya ciro ƙyallen kyaftin ya miƙo mini. Sai kawai ya ta da babur.

Daga baya ɗan Ceberun ya ba ni labari. Su shida suka sa riguna suka tsaya a fili, 'yan kallo na yi musu eho. Baba na gefe, rigata rataye a hannunsa, idonsa na kan hanya. Alƙali ya ƙara musu minti goma sha biyar don ganin girman Baba, sannan ya busa tashi, aka soke mu. Ashe tun a mota kyaftin ɗin ya cire ƙyallen ya ba Baba, ya ce in na zo a ɗaura mini.

Shi ke nan. Masu ƙafa suka koma ƙungiyoyin Kalgo, saura suka koma gona. Filinmu ma kafin shekara ta zagayo an shuka gero. Baba bai taɓa tayar mini da maganar ba. Kullum in na wuce shagonsa sai ya ce, "Sannu ɗana." Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Ina ta cewa gobe zan je in ba shi haƙuri, har gobe ta same ni a sahun jana'izarsa.

Bara na bi ta gonarsa ta shinkafa a fadama. 'Ya'yansa sun kafa mutum-mutumi don korar tsuntsaye, sun sa musu tsofaffin rigunanmu. Ga tawa can, baƙa mai lamba ɗaya, ta koɗe, hannuwa a buɗe yadda nake yi in za a buga mini fanareti. Na zauna a kan kunya na yi kuka. Icce ma ya tsaya inda aka ce ya tsaya, ni na ƙi.

Abin da na koya ke nan: idan da kai ake jira a cika bakwai, tashi ka je. Rigima ta jira a tashi wasa, domin wanda za ka ba haƙuri ba lallai ya jira ka ba.