Ƙwai Shida a Shagon Ɗinki

Shekara talatin ke nan Mai Tsani yana haɗa wutar lantarki a gidajen mutane, kuma da wuya ya bar gida bai yi faɗa ba. Ba ya ɗaura ƙwan lantarki ko ɗaya sai ya auna ɗaki da taku, tsawo da faɗi, ya dubi fentin bango, sannan ya tambaya: "Me ake yi a nan, barci ko karatu?" Duk wanda ya ce masa, "Kai dai sa mana ko nawa ne," sai ya ga ƙeyarsa da tsaninsa. Ana cewa ya cika baƙar zuciya. Gara baƙar zuciyar tasa da masu liƙa ƙwai a tsakiyar silin su ce sun gama aiki.

Wata rana babbar 'yarsa ta zo zuba masa ruwa, ta zuba a gefen kofi. Da ya tsare ta da tambaya, ta ce tun bara idonta ke yaji. Shekara shida tana ɗinki a wani shago, su goma sha biyu a ɗaki guda. Washegari ya yi sammako zuwa shagon.

Yana shiga ransa ya ɓaci. Taku ashirin tsawo, goma faɗi, ƙwai shida kacal! Su ma an jera su a bayan teloli, inuwar kan kowa tana faɗa wa allurarsa.

Mai shago ya taso yana hura hanci. "Malam, injiniya ne ya yi lissafin nan, ba mai hawa tsani ba."

"Injiniyan naka ɗaki ya auna ba kowa ciki, bango fari tas. Kai kuma ka zo ka jibge baƙaƙen yadi har silin, ka toshe taga da kantar kaya. Baƙin kaya shanye haske yake yi. Zauna nan!"

Ya zaunar da shi gaban keken ɗinki, ya miƙa masa baƙin zare. Sau huɗu mai shago yana zurawa yana kuskurewa, teloli suna dariya ƙasa-ƙasa. Kunya ce ta sa shi yarda a gyara wutar, ba tausayi ba.

Kwana biyu Mai Tsani yana aiki yana masifa. Ya janye kantar, ya sauko da dogon ƙwai saitin kowane keke, ta gaba. Da ya kunna, teloli suka hau tafi.

Shi 'yarsa kawai yake kallo.

"Baba, ya yi kyau, sannu da aiki," in ji ta. Ta lashi zare, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa keken. Ta zura, bai shiga ba. Ta sake. Sai ta taɓa maƙwabciyarta a hankali, ta miƙa mata zaren.

Mai Tsani ya juya zai zagi mai shago, sai ya fasa. Daga gidansa zuwa shagon nan tafiyar minti goma ce, kuma kullum ta ƙofar yake wucewa, amma bai taɓa leƙawa ba sai yanzu.