Shekarar da Aka Hana Ni Ruwa

Gwiwata ta hagu ta fara magana ne ina da sauran ƙarfina, furfura ma ba ta kama gemuna sosai ba. Wannan tun kafin Nasara su zo ƙasar nan ne, muna zaune a wani ƙauyen masunta tsakanin Haɗejiya da Guri, inda kogi ke malala da damina, in ya janye ya bar mana tabkuna cike da kifi. Ni su na gada, wato kamun kifi, kuma ban iya komai ba sai shi.

Ba da ciwo ta fara ba. In na tashi da asuba sai in ji ta sandare, amma kafin in je masallaci in dawo ta sake. In na durƙusa kuwa sai ta yi ƙurus-ƙurus kamar ana tauna aya. Abin bai tsorata ni ba, mamaki ya ba ni. Nakan ɗora tafin hannuna a kanta, in lanƙwasa in miƙe, ina jin abu yana gurzar abu a ciki. Mene ne ke gurzar mene? Ta daman kuma, da aka haife su rana ɗaya, me ya sa ita ta yi shiru?

Matata ce ta tona ni. Ta ga ina dafa bango kafin in tashi daga tabarma, sai ta ce, "Malam, sanyi ya shige ka." Kafin in buɗe baki ta aika an kira wanzamin garinmu, wani dattijo mai sanyin hannu. Ya latsa nan, ya latsa can, ya ce ba zafi a fatar, ba ƙurji, sanyin ƙashi ne. Ya kafa mini ƙaho, sannan ya faɗi maganar da na tsana.

"Ka bar ruwa, ɗana. Shi ya jawo maka."

"Baba, in na bar ruwa in kama me?"

"Ka kama tabarma," in ji shi.

A wajenmu komai ya sami mutum, ruwa ake ɗora wa laifi. Tari ruwa ne, ciwon baya ruwa ne, kai, ko mantuwa ta kama tsoho sai a ce ya daɗe cikin ruwa. Don haka na zauna. Ƙanena ya ɗauki gorata ta shiga ruwa da komata ta kamun kifi, ni ina gindin tsamiya ina ɗinkin ragar wasu, ina cin tuwo kamar mai jego. Tumbi ya fito. Gwiwar da aka ce hutu take so sai ta ƙara taurin kai, cinyar ma na ga ta fara motsewa, ta daman ta fi ta kauri. Raina ya ɓaci ƙwarai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yara sun fara gaishe ni a durƙushe, irin gaisuwar da ake yi wa wanda ya gama.

Tunda ba ni da aikin yi, sai na mai da gwiwar abin kallo. Ranar da na taka zuwa kasuwar Haɗejiya hannu sake, a hankali, ta ɗan yi tsami da yamma, washegari kuwa ta fi kullum sauƙi. Ranar da na taya maƙwabci ɗaukar damin gero daga gona, sai da ta kumbura, na kwana biyu ina ɗingishi. In matata ta gasa mini ita da tsumma mai ɗumi ta shafa man kaɗanya, takan lafa. In na daɗe a zaune kuwa, tashi ya zama aiki.

Da kogi ya sake cika, ruwa ya raba mu da gonar shinkafarmu, ba wanda zan aika. Na kwanta a kan gora na tsallaka, ina bugun ruwa da ƙafafu kamar yadda na saba. Sai da na kai tsakiya na tuna ina da gwiwa. Ba ƙara, ba tsami, tana lanƙwasa tana miƙewa yadda take so. Na dawo na ce wa matata, "Ruwan nan ƙarya aka yi masa. Nauyi ne ba ta so, da zama." Ta ce kaina ne ya taɓu. Na ce to, shi ma a kafa masa ƙaho. Daga nan kullum sai na shiga ruwa, na rage tuwon dare, na bar ɗaukar kaya, cinyar ta fara dawowa.

Da rani ya yi aka buɗe babban tabkinmu don su. Na karɓi gorata daga hannun ƙanena na faɗa tare da mutane. Wallahi ranar hannuna ya yi kyau, tarwaɗa da karfasa sai da gorar ta nutse har wuya. Sai fitowa. Tsakanin ruwa da tudu akwai laka mai kama ƙafa har ƙwauri, kuma a al'adarmu wanda ya hau tudu da gora a kansa shi ake yi wa guɗa, shi makaɗa ke kira, kifin nasa ne a idon gari. Na tsaya cikin ruwa iya ƙugu ina duban lakar, ina jin nauyin gorar a hannuna. Na san abin da zai faru in na ɗora ta a kaina. Zan hau, za a yi mini guɗa, sannan in koma tabarma, wataƙila har abada.

Na kira ƙanena. Ya zo yana kallona.

"Yaya, ai naka ne."

"Na sani. Ɗauka."

Ya ɗauka ya hau, mata suka rangaɗa guɗa, makaɗa suka kama kirarinsa. Ni na biyo baya da koma a kafaɗa, ina cire ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya waiwayo. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Haka muka yi shekaru masu yawa bayan nan, ni in kama, shi ya hau da shi.