Sallau da Gaurakin Tabkin Kanya

Ku da kuka san Sallau, wa ya taɓa ganin ya gaida mutum kafin ya gaida tsuntsu? Babu! Ana sallame sallar asuba, kafin liman ya juyo, ya riga ya zura takalmansa ya nufi Tabkin Kanya, can bayan garinmu ta hanyar Baure. In ka tare shi ka ce, "Sallau, an tashi lafiya?" sai ya ɗaga maka hannu. "Riƙe gaisuwarka, in na dawo daga wurin manya ka ba ni."

Manyan nan kuwa gauraki ne, dogayen tsuntsayen nan masu tukku ruwan zinariya. A lokacin duk yankinmu sun ƙare, masu tarko sun kwashe su sun kai birni, sai ɗan garken da ya rage a tabkin, wanda gonar Sallau da makiyayar shanunsa suka kewaye.

Ni taubashinsa ne, ni ɗan mace shi ɗan namiji, don haka abin da kowa ke shakkar gaya masa ni nake gaya masa. Wata rana ya zo wucewa ta rumfar ɗinkina na ce, "Bawana, yaushe za ka fara saka ƙwai?"

Ko juyowa bai yi ba. "Ranar da ka ɗinka wando ƙafafunsa suka zo daidai."

Da damina, in gauraki suka yi sheƙa cikin ciyawar gabashin tabki, sai ya kafa doka: ba saniyar da za ta sha ruwa ta nan. Nasa shanun ma zagayawa yake da su ta doguwar hanya su sha ta yamma. Ran nan Ardo Buba, shugaban Fulanin da ke kiwo kusa da mu, ya koro garkensa, ya tarar da Sallau kwance miƙe a tsakiyar burtali kamar gawa.

"Subhanallahi! Sallau, lafiya?"

"Yi a hankali, Ardo, mai jego na ciki."

"Wace mai jego? Shanuna ƙishirwa suke ji!"

"To su bi ta kaina. Ka dai gaya wa bajimin can ya kula da gwiwar hagu, tana yi mini ciwo."

Ardo ya yi dariya har sandarsa ta faɗi, ya juya shanu yamma. Da kaka ta yi kuwa, shanun Ardo ne suka fara shiga karan gonar Sallau. Tun daga nan, in makiyayan Ardo suka ga tarko a bakin ruwa, tsinke shi suke yi su kawo wa Sallau igiyar.

Wadda ta fi shan wahala matarsa ce, Lantana. Gaurakin kan bi gonarsa suna tone irin dawar da ya shuka. Ta ce, "Malam, tsuntsayen nan naka sun cinye kunyar gona, ba su ko jin kunyar mai ita!"

Ya ce, "Baƙi ne, Lantana. Ana ƙirga wa baƙo loma?"

Da yamma ta kawo masa akushi a rufe, ta durƙusa ta ajiye cikin ladabi. Ya buɗe, wayam! Ta ce, "Baƙinka sun ci rabonka." Kun san abin da ya yi? Wanke hannu ya yi ya taho gidana, ya cinye mini tuwo kaf, yana ci yana cewa miyar ba gishiri.

Da kuɗin mai suka shigo, kowane sabon attajiri na so a ga gauraka na taku a tsakar gidansa. Wani Alhaji ɗan kwangila ya zo daga birni cikin marsandi fara ƙal, ya ce a kama masa mace da namiji. Ya yi wa Sallau tayin rediyo, ya ƙara da babur, har ya kai ga kujerar Makka.

Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, ba nawa ba ne. Ga su can, ka tambaye su da kanka."

Alhaji ya fusata, ya ce wa direba ya matsa da mota bakin ruwa, su ai sun zo da raga. Sallau ya ce, "Wurin nan da laka." Ba su ji ba. Marsandi ta nutse har ƙofa! Ƙato da babbar riga yana tsaye cikin taɓo, gauraki kuwa sun koma tsallake suna kallonsa.

Dole aka roƙi Sallau ya kawo shanun huɗarsa. Ya kawo su, ya ɗaura igiya, sannan ya tsaya yana sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, shanun nan suna da wani hali. Ba sa jan motar da ke da raga a ciki." Dole aka fito da ragar aka ba shi. Ragar nan, ita Lantana ta daɗe tana rufe kaji da ita.

Amma shekarar da aka zo aikin titi, dariya ta ɗauke mana. Damina ba ta yi kyau ba, ga tankokin 'yan kwangila suna zuƙar ruwan tabki suna yayyafa wa hanya. Ruwa ya ja baya, ciyawa ta bushe, injin na ruri wuni guda. Sallau ya je wurin maigari, kuma wannan karon ba shi kaɗai ya je ba. Ardo ya bi shi, manoma suka bi shi, ni ma na rufe keken ɗinki na bi, don in tabkin ya ƙafe shanun kowa ne za su mutu. Maigari ya kai mu gaban hakimi, aka hana ɗibar ruwan. Sai dai kafin nan gauraki sun tashi. Ko ɗaya bai rage ba.

Jama'a, ban taɓa ganin mutum ya zube haka ba. Ya daina faɗa, ya daina cin abinci sai an matsa. Na je na tsokane shi da duk abin da na sani, ya dube ni kawai ya ce, "Sannu, Tela." Sallau ne ke ce mini sannu! A ranar na tsorata. Lantana ta ce, "Wallahi su dawo su cinye gonar duka, na yafe." Duk da haka, rani guda yana haƙa ramuka a gindin tabki don ruwa ya taru, wai kada su zo su tarar ba abin sha.

Damina ta sake zagayowa, ruwa ya sauka sosai, tabki ya cika, shiru. Mun fara cewa sai haƙuri. Sai wata safiya muka ga Ardo, dattijo da shi, yana gudu ba hula. "Sun dawo! Sallau, sun dawo!"

Gari ya fashe. Har masu yi masa dariya suna gaba-gaba. Muka tarar da su suna taku cikin ciyawa, suna kukan nan nasu kamar ana busa ƙaho. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Ni kaina sai da na zauna a ƙasa.

Sallau ya iso a ƙarshe. Ya dubi gaurakin ya dube su. Sai ya juya musu baya.

"Ba na magana da su. Mutum ya tafi ko sallama babu!"

Hawaye kuwa na bin gemunsa. Can ya karkato wurina ya rage murya. "Kai bawana, duba mini. Sun rame?"

A ranar akushi biyu ya share, ya kuma ce wandon da ke jikina kamar buhun gyaɗa. Na ce alhamdu lillahi, ya warke.

Bana muka kai shi makwancinsa, da tsufansa da faɗansa. Allah Ya jiƙan Sallau, Ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya tausaya wa bayinKa marasa baki, ya Allah Ka tausaya masa, Ka sanyaya kabarinsa, Ka ba Lantana haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.