Minti Goman da Rumasa'u Ta Nema

Wata rana, Asabar da hantsi, na je taron iyayen yara a makarantar da 'yata Suwaiba take aji shida na sakandare, nan Gusau.

Da faɗa a bakina na tafi, ba zan ɓoye muku ba.

Makarantar ce ta shigo da wani darasi ga 'yan aji biyar da shida, wai ilimin halayyar ɗan Adam, sau ɗaya a mako. Ranar za a yanke hukunci: a bar shi ko a soke shi.

Ni na fara miƙewa. Waɗanda suka san ni sun san ba na jira a ba ni dama.

Na ce yaranmu jarabawar fita ce a gabansu, lissafi yana ba su kashi, an zo ana cinye musu awa guda da zancen "damuwa". Na ce yarinyar da ta ci ta ƙoshi, aka yi mata sutura, wace damuwa gare ta? Mu wa ya koya mana, kuma ga mu nan ba mu haukace ba?

Aka tafa min. Har wata Hajiya ta ce, "Allah Ya yi miki albarka, kin fanshe mu."

Malamar darasin, Malama Ladidi, tana gefe da littafinta a cinya. 

Sai wani mutum ya miƙe daga can baya. Ban san shi ba, har yau ban san sunansa ba. Siriri ne, da guntayen zare manne a gaban rigarsa. Da gani tela ne.

Ya ce shi ba shi da 'ya a makarantar yanzu. Bara yana da ita. Sunanta Rumasa'u.

Ya ce an taɓa ba su aikin gida a darasin nan. Ka zauna da mutum ɗaya a gidanku, ka tambaye shi abin da ke damunsa, ka saurare shi minti goma. Kada ka katse shi, kada kuma ka ce masa "yi haƙuri". In ya gama sai ku yi musanya, shi ma ya tambaye ka.

Aka ɗan yi dariya. Mu da ko ƙafa ka karya, haƙuri za a fara ba ka kafin a nemo mai ɗori.

Rumasa'u shi ta zaɓa. Ta same shi a shago ana saura kwana huɗu Sallah, ɗinki ya taru har ba wajen taka ƙafa. Ta ja benci ta zauna.

Ya ce da wasa ya fara amsa mata. Amma da ya ga ba ta katse shi, sai ya saki baki. Ciwon bayansa. Idonsa da ya fara kasa ganin kafar allura. Ƙaninsa da ya daina zuwa gaishe shi. Minti goma ya koma rabin awa, kuma rabon da ya ji ƙirjinsa sakayau haka ya manta.

Da ya gama sai ta rufe littafinta.

"Baba, saura ni. Yanzu kai za ka tambaye ni."

"Ke kuma me zai dame ki, 'yar nan? Ba ga ki lafiya lau ba? Tashi ki miƙo min almakashi."

Ta tashi ta miƙo masa almakashi.

Bayan sati biyar suka kai ta makwancinta.

Ya ce kada kowa ya tambaye shi yadda aka yi. Ba wanda ya tambaya.

Da ana tattara kayanta aka ga littafin darasin. Shafi ɗaya cike yake da abin da ya gaya mata, har zancen kafar allurar. A ɗaya shafin ta rubuta, "Abin da zan gaya wa Baba." Ta jera lamba ɗaya zuwa shida. Ba ta rubuta komai a gabansu ba, ta bari sai an tambaye ta.

Ya ce, "Abu shida, jama'a. Ban san ko ɗaya ba. Don Allah kada ku soke darasin nan."



Kun san abin da muka ce masa?

"Sai haƙuri, Malam."

Wallahi haka muka ce. Daga gaba har baya, kowa ya miƙa masa haƙurinsa, aka ce Allah Ya jiƙanta, shugaban taro ya duba agogo.

Aka ce masu son a soke darasin su ɗaga hannu.

Hannaye suka tashi.

Nawa ma ya tashi. Kunya ce ta hana ni janye maganata a gaban matan da suka tafa min ɗazu. Har yanzu in na tuna sai in ji na tsani kaina.

Aka soke. Mutumin ya gyara hularsa ya fita, Malama Ladidi ta bi bayansa.

Na koma gida. Na tarar da Suwaiba a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na ja kujera na zauna kusa da ita, abin da ban saba ba.

Na ce, "Suwaiba, ku ma an ba ku aikin nan na minti goma?"

"An ba mu tun zangon farko, Umma. Ke na zaɓa."

"To me ya hana ki zuwa?"

"Na zo. Kina waya. Kika ce in dai ba za a yi jarabawa a kai ba, in ba ki wuri."

Na ce to ga ni yanzu, minti goma, awa ma in tana so.

Ta ɗago ta dube ni, ta yi ɗan murmushi.

"Ba komai, Umma. Lafiya lau."

Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Wata biyu ke nan. Kullum sai na tambaye ta, kullum da ladabi take amsa min. Ladabin nan ne yake hana ni sukuni, don ban san lamba nawa ta jera a nata shafin ba.

Darasi: Yaro yakan zo sau ɗaya ne da abin da ke cinsa. In ka aike shi ɗauko almakashi, zai ɗauko, amma ba lallai ya sake zuwa ba. Kuma "yi haƙuri" da muke saurin faɗa, sau da yawa rufe bakin mai magana muke yi don mu huta.

Ku tura wa uba ko uwar da kuka san tana da waya a kunne yanzu haka. Kafin ku tura, ku ajiye taku, ku kira yaronku.