Tattasan Yayata da Randar da Na Fasa

Shekarar da na aje alli, bayan na ƙare ƙarfina wajen koyar da ƴaƴan mutane a lakwal, sai na koma kwarinmu na bayan Gure na kama lambu. Kwari ne mai dabino da goruba, tudun rairayi ya kewaye shi, ruwa kuwa ba nisa in ka haƙa. Aibinsa ɗaya, sanyi. Duk sanyin da ke bisa tudu, da asuba gangarowa yake ya kwanta a ƙasan kwarin. Salati da shu, wato kabeji, ba ruwansu. Tattasai kuwa ba ya son wannan wasa.

Ni kuma tattasai nake so, kuma ba kowane ba. Yayata, Allah ya jiƙanta, tana da wani iri da ta yi shekaru tana zaɓe, gajere mai kauri, ƙamshinsa ya fi yajinsa. Da ta rasu ba wanda ya bi ta kansa. Sai bayan shekara uku ƴarta ta kawo mini wani ɗan ƙulli a tsumma, ta ce, "Kawu, ga abin da ya rage, a ƙasan kwallarta na tsince shi." Na kwance, bai cika cokali ba. Irin tattasai ba ya jure dogon ajiya, in na tsaya jiran zafi ya dawo, wataƙila ko ɗaya ba zai fito ba. Sai na shuka shi duka cikin Disamba, a gwangwanayen tumatir. Talatin da ɗaya suka tsiro. In waɗannan suka mutu, irin yayata ya ƙare a duniya, babu inda za a sake samo shi.

Na kafa musu ɗaki da rassan dabino, na lulluɓe da farar leda, sai ka durƙusa za ka shiga. Da rana ciki ɗumi kamar ɗakin mai jego. Amma leda ba ta riƙe zafi har wayewar gari. Ba a yi mako ba na ga ganye ya fara nannaɗewa, yana yin wani duhu-duhu.

Ban damu ba, don ni ne nan na sha zana wa yara a allo yadda zafi ke ratsa abubuwa. Yumɓu a hankali yake shan zafi, a hankali yake sakinsa. Abin da ake bukata kawai, kasko cike da garwashi, a kife masa ƙaramar tukunya, a kife babba a bisa. Wuta ba za ta taɓa leda ba, tukunya kuma ta yi ta ba da ɗumi har safe. Na yaba wa kaina ƙwarai. Kuma tun da babbar tukunya ta fi riƙe zafi, idona ya faɗa kan randar ruwan matata.

Matata ƴar maginiya ce, uwarta tukwane take ginawa a wajen Bune, cikin laka ta tashi. Ta same ni na juye ruwan ina mirgina randar zuwa ƙofa.

"Mushe," in ji ta, don har yau da laƙabin malaman lakwal take kirana, "ina za ka da randata?"

Na yi mata bayani dalla-dalla, har da zane a ƙasa. Ta saurara, sannan ta ce, "Randa ba ta san wuta ba. Tukunyar girki, tsingaro ake dakawa a cuɗa cikin lakarta, shi ya sa take jure murhu. Randa an gina ta ne ta riƙa tsatso don ruwa ya yi sanyi. Ko ka juye ta, jikinta cike yake da ruwa."

Ni dai ina da saurin fushi, ban taɓa ɓoyewa ba. Na ce, "Yumɓu ai yumɓu ne. Ni za ki koya wa zafi?"

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji ta, ta koma kan tankaɗenta.

Na ɗora randa a amalanken jaki na gangara kwari bayan la'asar. Na cika kasko da gawayi, na yi ta fifita har ya yi jajir, na kife tukwane, na ja leda na rufe ruf. Na yi magariba a kan rairayi, zuciyata fari ƙal. Ina sallamewa na ji tas, na sake jin tas, sai wata ƙara kamar an fasa dutse. Randa ta dare gida uku. Babban ɓangaren ya faɗa kan gwangwanaye, garwashi ya watse, leda ta kama narkewa tana ɗiga bisa ganye. Da hannu na yi ta kwashe wuta, ban ma ji ƙuna ba sai daga baya.

Da na kashe komai na ƙirga. Sha biyu suka rage. Na zauna dirshan, baƙin ciki ya cika ni, na ji kunyar yayata kamar tana tsaye a kaina. Sanyi bai kashe su ba, ni na kashe su da taurin kaina. Na tuɓe babbar rigata na rufe sha biyun, na koma gida da ƴar shara.

Na shirya wa gori, amma matata ba ta yi ba. Ta dubi hannuna, ta ɗauko man shanu ta shafa mini, ta ce, "Nawa suka rage?"

"Sha biyu."

"Sun isa."

Da safe na yi ta kewaye-kewaye a tsakar gida, na gyara murya ya fi sau uku, kafin na iya cewa, "Ki zo ki nuna mini." Wallahi gara in haƙa rijiya da in furta wannan magana. Ta yi murmushi ta ce in ɗauko allona, ɗalibi ba ya zuwa hannu biyu.

Tukwanen girki biyu ta sauko da su, ginin uwarta, baƙaƙe ƙirin da hayaƙin shekaru. Ta ƙwanƙwasa kowace da yatsa ta saurara, don ta tabbata ba mai tsaga. Gawayi kuwa ta ce in bar shi. Ƙodagon goruba ta sa na tsinto cike da kwando, muka ƙona shi a waje, nesa da leda, sai da hayaƙi ya ƙare sarai. Sannan ta kwashe garwashin a kasko ta binne shi da toka, yadda mata ke binne wutar murhu su tone ta da safe. Ta kife ƙaramar tukunya bisa tsingaro uku don iska ta samu hanya, ta kife babbar bisa wasu ukun. Da na ɗinke sabuwar leda zan rufe, ta sa wuƙa ta tsaga ɗan wuri a sama. "Shuka ma tana numfashi," in ji ta. Wannan kam na sha koyar da shi a aji, amma na gyaɗa kai kamar yau na fara ji.

Washegari bayan asuba na gangara, yatsuna sun ƙage don sanyi. Na durƙusa na shiga, na ɗora tafina bisa tukunya. Ɗumi kamar cikin akuya. Ganye a miƙe. Na tone toka, garwashi na nan da ransa.

Haka muka yi ta yi kowace yamma har sanyi ya karye. Biyu suka ƙara mutuwa, goma na dasa, kuma duk goman suka yi ƴaƴa. Yanzu in ana zancen ɗuma ɗakin leda a kwarin nan, wurina ake zuwa, har daga Kelle an zo kallo. Ina bayani da ƙarfin murya kamar yadda na saba, amma duk wanda na ga ya nufi randa, tun daga nesa nake tare shi.

Ɗiban farko, na ware manya don iri, sauran na zuba a ƙwarya na kai wa ƴar yayata. Na tarar za ta ɗora miya. Ta watsa kaɗan a turmi da albasa ta fara jajjage, muna hira tana dariya. Ba ta yi luguden kirki ba ƙamshi ya tashi. Sai ta tsaya, taɓarya a hannu.

"Kawu," ta ce a hankali, "kamar inna tana cikin ɗaki."

Ta juya fuskarta wajen bango. Ni ma na tashi na fita zaure, don ban so ta ga idona ba.