Yaya Mairama Mai Murhun Yumɓu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, 21 ga Agusta, 2025, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyata, Yaya Mairama, a gidanta da ke Kwamba, bayan jinyar sati biyu.

Yaya, shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ginin tukwane kika gada. Da itace ya yi tsada, kika ga yadda hayaƙi ke cinye idanun mata a madafa, sai kika fara gina murhun yumɓu mai cin itace kaɗan. Ni kika fara ba, kyauta, kika ce in gaya miki aibinsa kawai, yabon in riƙe abina.

Na farkon ba su yi kyau ba. Na Ngozi, mai sayar da abinci a Sabon Wuse, ya tsage ana tsakiyar girki, tukunyar miya ta kife a gaban masu jira. Ta zo har gida ranta a ɓace, ta ce, "Mama, kin kunyata ni a gaban mutane." Labari ya bazu, masu saye suka ja baya. Ba ki yi musu ba. Washegari kika bi ta rumfarta, kika wuni a kan benci kina kallon yadda take girki. Da kika dawo kika ce mini, "Halimatu, laifina ne. Na yi murhun ne don tukunyata, ban yi don tata ba."

Kika faɗaɗa bakin, kika ƙara kaurin gindin, kika riƙa cuɗa yumɓun da buntun shinkafar da ake zubarwa a bayan injin casa. Da damina ba kya gasa ko ɗaya sai ya bushe sarai, ko da mai shi na tsaye yana jira. Wata huɗu kika yi a haka kafin Ngozi ta yarda ta sake gwadawa. Daga baya ita ce ta riƙa turo miki matan kasuwa.

Na tuna ranar da wasu baƙi daga Abuja suka kawo samfurin murhun ƙarfe mai ƙyalli, suna so ki koma yin irinsa. Kika juya shi, kika yaba, sannan kika tambaye su wa zai gyara shi a ƙauye idan ya lalace, kuma wace mai ƙosai ce za ta iya sayensa. Kika ce murhun da ba a hura ba, ba ya hana a sare bishiya ko ɗaya.

Ba ki ɓoye wa kowa hannunki ba. Mata tara kika koya wa aikin, har da masu sayarwa kusa da ke. Murhu goma sha biyun da kika bari a shanya, matan nan ne suka taru jiya suka gasa su a tsakar gidanki. Ko ɗaya bai fashe ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Mahmudu, da 'ya'yanki Munir da Uwani, da dukan matan Kwamba. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Yaya, Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Halimatu Sadiya, Kwamba, Suleja