Ranar Da Na Kai 'Yan Ajina Gidan Burodi A Sabon Gari

Fagge

Ana sallame sallar asuba muka taru a ƙofar makarantarmu. Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta ce, aji ya cika ya batse. Na gaji da zana wa yara kumburin ƙullin burodi a allo, na ce sai sun gani da idonsu. Hedimasta ya ce babu mota, na ce akwai ƙafa. Iyaye suka ce Sabon Gari unguwar giya ce, na bi su gida-gida ina lallashi.

Mutum ɗaya ya gagare ni, Alhaji Modu, Babarbare mai atamfa a Kantin Kwari. Ya ce zai biyo mu, in ya ga abin da bai gamshe shi ba, 'yarsa Falmata ta gama boko ke nan. Ita ce kuwa ta fi kowa kai a ajin.

Bata

Muka jera bibbiyu, Alhaji na biye da mu a sabuwar motarsa Fijo kamar mai rakiyar amarya. A Bata motoci sun cushe, don a lokacin arzikin man fetur ya sa kowa ya sayi mota. Ɗan sandan hanya ya ɗaga mana hannu.

"Malam, ina za a kai garken nan?"

"Karatu."

"A titi?" Ya yi dariya, ya tsayar mana da motoci muka haye.

Sabon Gari

Hantsi bai yi ba muka isa. Mai gidan burodin, Mista Okoro, dattijon Ibo ne mai Hausa garau. Ya zaunar da mu a benci, ya fito da goro guda a faranti ya miƙo mini. Ni kuwa Bakano, na ce na gode, na jefa aljihu.

Ma'aikata suka tsaya da murza ƙulli. Sai Alhaji ya ce, "Kai Malam, fito da goron mutane! Ba guzuri ba ne."

Ya karɓa ya mayar faranti, ya juya ga yara. Ya ce a wajen Ibo ana nuna wa baƙi goro, babba ya yi addu'a, a fasa, kowa ya ci, sannan ne an karɓe ku. Shekara da shekaru yana ciniki da su, ya sani. Okoro ya ce Alhaji ya girme shi, shi zai fasa. Alhaji ya yi addu'a, Okoro ya ce amin da ƙarfi.

Daga nan aka shiga wajen tanda. Falmata ta tambaya me ke tayar da ƙulli, aka nuna mata yis, aka ce ta danna yatsa a ƙullin. Da ramin ya ciko da kansa sai ta yi ihu. Na saci kallon uban, fuskarsa ba ta gaya mini komai ba.

Komowa

Kafin azahar muna Fagge, kowane yaro da burodi mai zafi. Alhaji ya sauke gilashi ya yafito ni. Na ce a raina shi ke nan, ta faru.

"Malam, yaran nan sun san yadda ake auna yadi?"

"A littafi dai."

"Haba! Mako mai zuwa kawo su Kwari. Falmata ta ja gaba, ta san shagon."

Na gode wa Allah da ya dawo mini da su lafiya, ba wanda ya ragu.